Linzamin da ake kaɗawa a iska: Abin da ya koya mana a Gwaram da Birnin Kudu kafin JAMB

Ranar da na fara miƙa wa ɗiyar yayata wannan na'ura, sai da ta juya ta gaba da baya tana neman inda ake canza tasha. Ba laifinta ba ne. Duk wanda ya gan ta zai ɗauka rimot ɗin talabijin ce: baƙa, tsawonta ya ɗan ɗara tafin hannu, gabanta da 'yan madannai, bayanta kuma an jera ƙananan haruffa irin na tsofaffin wayoyi.

Na ce ta ɗaga hannu ta ɗan karkata shi dama. Sai wata farar kibiya ta ruga a guje ta maƙale a gefen talabijin ɗin da muka jona da kwamfuta. Ta dawo da hannun hagu, kibiyar ta biyo ta. Sauran yaran da ke kan benci suka fashe da dariya.

"Kawu, ganina take yi?" in ji ta.

Shekarunta 17, ta gama sakandare a wani gari da ke ƙaramar hukumar Gwaram, burinta kuma ta shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ta yi rajistar jarrabawar JAMB, amma ma'aikacin cibiyar ne ya cike mata komai. Nata kawai dangwala yatsa da tsayawa gaban kyamara. Har zuwa wannan rana hannunta bai taɓa motsa kibiyar kwamfuta ba, ga shi kuma da kwamfuta za a tantance ko za ta wuce gaba ko za ta ƙara shekara guda a gida.

Wannan ne ya sa na sayo na'urar, na ɗauko kwamfutata ta tafi-da-gidanka, na roƙi wani mai gidan kallon ƙwallo ya ara mana talabijin da janareta da hantsi, lokacin da babu wasa. Mako uku muka yi ni da ita da wasu 'yan ajinsu 13. Na'urar ta yi mana rana, ta kuma kusa yi mana illa a wurin da ban taɓa tsammani ba.

Mece ce wannan na'ura?

'Yan kasuwar kayan waya suna ce mata eya-maus, wato linzamin kwamfuta da ake sarrafawa a iska. Ana samun ta a wurare irin su kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano. Yawancin masu sayenta mutane ne masu akwatin Android da ake jonawa da talabijin domin kallon YouTube da fina-finai, saboda rimot na yau da kullum yana da wahalar rubuta sunan abin da ake nema.

Linzamin da aka saba gani a ofis, wanda aka fi sani da maus, a kwance yake aiki. A ƙarƙashinsa akwai 'yar fitila da wata ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoton teburin fiye da sau dubu a cikin daƙiƙa ɗaya. Da bambancin waɗannan hotuna yake gane inda aka ja shi. Da zarar ka ɗaga shi sama ya makance.

Na iska kuwa bai damu da tebur ba. Abubuwa biyu ne a cikinsa, kowanne bai kai ƙwayar gero biyu a haɗe ba.

Na farko shi ne ma'aunin motsi da karkata. Ka ɗauki kwano da ruwa rabi ka yi tafiya da shi: in ka zabura gaba ruwan ya koma baya, in ka karkata kwanon ruwan ya taru gefe guda. Haka wani ɗan ƙaramin nauyi yake yi a cikin na'urar, ita kuma tana auna yadda ya gusa. Duk mai karanta wannan rubutu a babbar waya yana riƙe da irinsa a hannu, domin shi ne yake juya hoton waya idan aka kwantar da ita a gicciye.

Na biyu shi ne jairoskof, ma'aunin juyawa. Na asali wata ƙafa ce mai juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, wadda ba ta yarda ta karkace muddin tana gudu. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Léon Foucault, shi ya raɗa masa wannan suna a 1852. Na zamani babu abin da ke juyawa a cikinsa. Wani siririn yanki ne na silikon da ke kaɗawa gaba da baya cikin sauri. Idan ka juya hannu, kaɗawar takan ɗan kauce gefe, sai na'urar ta auna kaucewar ta san saurin juyawar hannunka da inda ya nufa.

Juya wuyan hannu dama ko hagu yana tura kibiya dama ko hagu. Ɗaga kan na'urar ko sunkuyar da shi yana kai ta sama ko ƙasa. Saƙon yana tafiya ta siginar rediyo zuwa wani ɗan abu mai kama da kan filash da ake cusawa a ramin USB. Kwamfuta na karɓarsa a matsayin linzami da kibod na yau da kullum, ba sai an saka mata wata manhaja ba. Ba ta buƙatar intanet ko data, kuma masu ƙera ta sukan rubuta cewa tana aiki daga nisan kimanin mita 10.

Saboda haka amsar da na ba ɗiyar tawa ita ce, ba ganinta take yi ba, motsin hannunta take ji. Shi ya sa ko ta juya wa talabijin baya kibiyar za ta ci gaba da bin ta, saɓanin rimot ɗin talabijin da dole sai an saita shi da akwatin.

Daga katako zuwa iska

Linzamin kwamfuta na farko da katako aka yi shi, da ƙafafu biyu a ƙarƙashi. Injiniya Douglas Engelbart da abokin aikinsa Bill English ne suka haɗa shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1964, aka kuma nuna shi a bainar jama'a a birnin San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968. Bayansa aka yi mai ƙwallo a ciki, sannan mai fitila. Duka dai sai da tebur.

Abin da ya kai sarrafa kibiya da motsin hannu cikin gidajen mutane shi ne wasan bidiyo. A watan Nuwamban 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar wasa ta Wii, mai rimot da ake kaɗawa kamar ana buga ƙwallon tanis. A 2007 kamfanin Logitech ya fitar da MX Air, linzamin da ke aiki a tebur da kuma a iska. A 2010 Apple ya saka jairoskof a wayar iPhone 4, sauran masu ƙera waya suka bi sahu. Da aka shiga ƙera waɗannan ma'aunai miliyoyi saboda wayoyi, sai farashinsu ya faɗi. Shi ya sa yau ake samun linzamin iska a kuɗin da bai wuce na ƙaramar waya mai tocila ba, kuma irin wannan fasaha ce a cikin Magic Remote na talabijin ɗin LG.

Me ya haɗa ta da ɗalibin Gwaram?

Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, a lokacin tana barin wanda ya ga dama ya yi da takarda da fensir. Daga 2015 aka rufe wannan ƙofa, kowa sai da kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Ingilishi, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. In aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Ɗalibin da ya ɓata minti 10 yana kokawa da kibiya ya yi asarar lokacin tambayoyi 15.

Agogon nan iri ɗaya yake gudu ga yaron da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa a Abuja da yarinyar da ta fito daga Fagam, Basirka, Kila ko Farin Dutse.

Birnin Kudu tsohon garin makarantu ne. A nan Kwalejin Gwamnati take, wadda Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga kwalejin koyon aikin jinya. Ɗalibin cikin gari zai iya biyan kuɗin awa guda a kafe ya zauna gaban kwamfuta. Jihar Jigawa ma ta shiga harkar kwamfuta da wuri, tun lokacin da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure. To amma Kazaure na can arewa maso yamma, Gwaram kuma na ƙarshen kudancin jihar, kan iyaka da Bauchi. Ga yaron ƙauye, zuwa kafe ma tafiya ce mai cin kuɗin mota ko na ɗan acaɓa.

Cikin yara 14 da muka zauna da su, kowa ya iya bayanin mece ce kwamfuta da sassanta, domin sun haddace a littafi. Uku ne kawai suka taɓa zama a gabanta. Ba a nan kaɗai ake wannan ba. A 2018 hoton wani malami a Ghana, Richard Appiah Akoto, ya zagaya duniya saboda ya zana fuskar Microsoft Word gaba ɗaya da alli a kan allo, don ɗalibansa su ga abin da za a tambaye su a jarrabawa alhali makarantar ba ta da kwamfutocin da za su gwada.

Inda ta yi mana rana

Duk wanda ya taɓa koyar da yara da kwamfuta ɗaya ya san yadda abin yake. Mutum uku ne ke gani, sauran suna leƙe ta kan kafaɗa. Masu ƙarfi su mamaye gaba. 'Yan mata kuma, saboda kunya da tarbiyya, ba za su shiga turmutsutsu da samari ba, ba kuma za su matso su zauna kafaɗa da kafaɗa da malami namiji ba. Sai a tashi darasi ba su taɓa komai ba.

Linzamin iska ya warware mana wannan cikin sauƙi. Kwamfutar tana can kan tebur, an jona ta da talabijin da wayar HDMI, kowa yana gani daga inda yake zaune. Na'urar ce ke yawo daga hannu zuwa hannu. 'Yan matan suna bencinsu na gefe, ta iso gare su, kowace ta amsa tambayoyi biyar ta miƙa wa ta kusa da ita. Babu wanda ya tashi daga wurinsa.

Ni ma na samu sakewa. Ina iya tsayawa a bayan ɗaki in nuna inda agogon jarrabawa yake, inda lambobin tambayoyi suke, da yadda ake tsallake tambaya mai wuya a dawo mata daga baya. Da manhajar gwajin JAMB da ke aiki ba tare da intanet ba muka yi amfani, irin wadda ake sayarwa a kafe-kafe.

Cikin kwana uku tsoro ya fita. Wani yaro da ya ƙi karɓar na'urar ranar farko, wai kada ya danna wani abu ya lalata mini kwamfuta a ce mahaifinsa ya biya, shi ne ya koma mai gyara wa wasu. Sun gane cewa kibiya tana nuni ne, dannawa kuma ita ce zaɓi, kuma kuskure ba ya fasa komai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai taɓa gwadawa ba.

Matsalolinta ma ba su ɓoyu ba. Wani lokaci kibiyar takan riƙa tafiya da kanta a hankali ko da hannu a tsaye yake. Ɗabi'ar jairoskof ce, ƙananan kurakurai suna taruwa. Maganinta a ajiye na'urar a wuri mai daidai na 'yan daƙiƙoƙi ta daidaita kanta. Haka kuma lokacin da mutum ya danna, hannunsa yakan ɗan girgiza, sai kibiyar ta zame daga B ta faɗa kan C. Hannu yana gajiya bayan 'yan mintuna. Haruffan bayanta kuwa da babban yatsa ake latsa su, sun isa rubuta suna ko lamba, amma ba su isa koyon bugun rubutu ba, kuma babu ɓ, ɗ da ƙ a jikinsu.

Abin da ya faru a Birnin Kudu

A ƙarshen mako na biyu na ga ɗiyar tawa ta ƙware. Tana gama tambayoyi 40 da sauran lokaci. Na ce bari in kai ta ta ga kwamfutar tebur irin wadda za ta tarar a cibiyar jarrabawa. Muka shiga mota zuwa Birnin Kudu, na biya mata awa ɗaya a wani kafe.

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta kalli tambayar farko. Sai ta ɗauki linzamin daga kan tebur, ta ɗaga shi sama, ta fara kaɗa shi tana nuna fuskar kwamfutar da shi.

Kibiyar ba ta motsa ba. Ta ƙara kaɗawa da ƙarfi. Ta juyo ta kalle ni.

"Kawu, wannan ya lalace."

Mai kafe ɗin ya taso, ya ce mata, "Ƙanwata, ajiye shi ƙasa, ja za ki yi." Ta ajiye. Amma hannunta ya saba da juya wuyan hannu, sai ta riƙa murza linzamin a wuri ɗaya kamar mai buɗe murfin kwalba. In ta kai bakin tebur ba ta san ana ɗaga shi a dawo da shi tsakiya ba. In za ta danna, yatsanta ya sauka a maɓallin dama, wani jerin rubutu ya buɗo, ta firgita. Na duba agogo. Kusan minti 12 ta ɗauka kafin ta amsa tambayoyi biyar.

Gabana ya faɗi. Da a ce ban kawo ta ba, ranar jarrabawa za ta yi wannan a ɗaki mai cike da baƙin fuskoki, agogo yana gudu, babu mai cewa ta ajiye shi ƙasa sai in mai sa ido ya lura. Kuma ni ne na jawo, domin na koya mata fuskar jarrabawar amma na saba wa hannunta da abin da ba za ta samu a can ba. Ba a shiga ɗakin JAMB da waya, agogo, kalkuleta, filash ko wata na'ura, balle linzamin iska.

A hanyar komawa ba ta yi magana ba sai da muka yi nisa. Ta ce ko ta haƙura da bana. Na ce mata saura kwanaki, kuma abin da ya gagare ta aikin kwana biyu ne.

Haruffan da JAMB ta tanada

Hukumar JAMB ta san da wannan matsala. A 2017, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, ta shigo da tsarin madannai takwas domin waɗanda ba su saba da linzami ba. Da shi ɗalibi zai iya amsa tambayoyinsa a kan kibod kawai.

A, B, C da D su ne na zaɓen amsa. N tana kai mutum tambaya ta gaba, P tana mayar da shi ta baya. S ta miƙa aiki ce idan an gama, R kuma tana dawo da mutum cikin jarrabawa idan ya danna S bisa kuskure. Akwai kuma Y ta tabbatar da miƙawa.

Cikin yaran nan 14 babu wanda ya taɓa jin labarin wannan tsari, kuma ni kaina ban fara da shi ba saboda sabuwar na'ura ta ɗauke mini hankali. Ya kamata kowane malami da kowane uba mai ɗa a ajin ƙarshe ya san shi.

Sai dai sanin haruffan a ka bai wadatar ba. A kan kibod ba a jera su A, B, C ba. A tana gefen hagu a layin tsakiya, S da D suna biye da ita, C da B da N suna layin ƙasa, R da Y da P suna sama. A lura da kyau: S, wadda ke miƙa aiki, tana tsakanin A da D ne. Yatsan da bai saba ba zai iya faɗa mata. Dole yaro ya san abin da zai yi idan hakan ta faru, maimakon ya rikice ya tabbatar da miƙawa da tambayoyi 100 a gabansa.

Kuma ko da haruffan, ba a rabu da linzami gaba ɗaya ba. Kalkuletar da aka yarda da ita a jikin fuskar kwamfutar take, kuma da kibiya aka fi saurin tsallakawa zuwa wata tambaya mai nisa ko wani darasi. Lambar rajista ma ɗalibi ne zai buga da hannunsa kafin ya shiga.

Dabarar da ta fi arha

Abin da ya cece mu a mako na uku bai kai linzamin iska tsada ba. Wani ɗan mahaɗi ne da ake kira OTG, wanda ake samu wurin masu sayar da caja da iyafis. Gefe ɗaya yana shiga ramin cajin waya, ɗaya gefen kuma ramin USB ne. Idan ka jona linzamin tebur da shi, yawancin wayoyin Android za su nuna kibiya a fuskarsu kamar kwamfuta. Idan kibod ka jona, za ka iya rubutu da shi. A wasu wayoyin sai an shiga saituna an kunna OTG tukuna.

Na sayo tsofaffin linzamai biyu da kibod ɗaya. Muka jingina waya da bango, muka shimfiɗa kwali a kan tebur. Kowane yaro ya riƙa samun minti 15 yana jan linzami, yana ɗagawa ya dawo da shi, yana danna maɓallin hagu. A kan kibod kuma ina kiran harafi suna nemowa, har sai da yatsunsu suka daina lalube. Wanda bai samu layi ba ya zana kibod a kwali da girmansa na gaske ya tafi da shi gida. Wannan ba ya buƙatar janareta, cajin waya kawai.

Linzamin iska bai tafi hutu ba. Ya koma hannuna, ina nuna abu da shi a talabijin, su kuma suna aikatawa da na tebur. Da haka ya kamata in fara.

Ga wanda ke son gwada sarrafa kibiya a iska ba tare da ya sayi komai ba, akwai manhajoji irin su Remote Mouse da Unified Remote da ke mayar da waya linzamin kwamfuta. Amma yawancin ƙananan wayoyi masu arha ba su da jairoskof, saboda haka sai dai a riƙa jan yatsa a fuskar wayar.

Kafin ka saya

Malami ko mai darasin yamma da ke da kwamfuta ɗaya da talabijin ko majigi zai ci moriyar wannan na'ura. Ga abubuwan da na koya da kuɗina.

Ka gwada ta a shago kafin ka biya. Akwai masu kama da ita sak waɗanda ba su da ma'aunin motsi, madannan sama da ƙasa kawai gare su. In ka kaɗa hannu kibiya ba ta bi ba, ba ita ba ce.

Ka riƙe ta cik na rabin minti ka ga ko kibiyar za ta tsaya. In tana gudu da yawa, nemi wata.

Ka duba ko tana da maɓallin kashe kibiya. Idan babu, duk lokacin da kake magana kana motsa hannu kibiyar za ta riƙa yawo tana raba hankalin ɗalibai.

Ka tambaya ko mai caji ce ko mai ƙananan batura. Inda wuta ba ta zama, mai batura ta fi kwanciyar hankali, domin ana samun su a kowane teburin mai kayan masarufi.

Ka kula da ɗan abin da ake cusawa a USB. Kowace na'ura da nata, in ya ɓata an yi asarar ta gaba ɗaya. Namu sai da muka share gidan kallo kaf muna nemansa a ƙarƙashin benci.

Abin da ke tafe

Maganar ba ta tsaya a JAMB ba. Hukumar WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zana ta a waje a farkon 2024. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya umarci WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya zuwa 2026. Daga baya Majalisar Wakilai ta nemi a ɗage shirin zuwa 2030, saboda yawancin makarantu, musamman na karkara, ba su da kwamfutoci da wuta da malaman da za su ɗauki nauyinsa. Ko yaushe aka fara, alƙiblar a bayyane take. Kuma jarrabawar WAEC akwai rubutun zube a cikinta, wanda haruffa takwas ba za su iya ba.

Gina ɗakunan kwamfuta da samar da wutar sola aikin gwamnati ne, kuma ya kamata iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai a Gwaram da Birnin Kudu su riƙa tambayar wakilansu a kai. Amma ɗalibin bana ba zai jira kasafin kuɗi ba. Talabijin ɗin gidajen kallo a rufe suke tun safe har la'asar. Kusan kowace unguwa akwai ɗan bautar ƙasa, ma'aikacin asibiti ko ɗalibin jami'a mai kwamfuta. JAMB kuma tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske ga duk wanda ya zaɓa lokacin rajista, kuma ga yaron da bai taɓa shiga irin wannan ɗaki ba, kuɗin motar zuwa ba asara ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwana tara bayan zuwanmu na farko na sake kai ɗiyar tawa kafe ɗin nan na Birnin Kudu. Mai shagon ya gane ta, ya yi murmushi ya nuna mata kujerar da ta zauna a baya. Ta buga lambarta da yatsa ɗaya, a hankali, tana karantawa a fili. Ta ɗora hannun dama a kan linzami, na hagu a gefen kibod. Ta amsa tambayoyi 40 cikin minti 24, ta ci 23.

Da muka fito ta ce mini yanzu kwamfutar ba ta dame ta ba, Kimiyyar Sinadarai ce matsalarta. Muka tsaya a bakin tasha na saya mata littafin tsofaffin tambayoyi, ta buɗe shi tun kafin motar Gwaram ta cika.